Ƙonewar biskit ba rashin sa'a ba ne, rashin awo ne

Da zarar azumi ya raba tsakiya, gidajenmu na Zango sukan ɗauki ƙamshin bota da sukari. Daga Nima a Akra har Aboabo da Asawase a Kumasi, mata da 'yan mata na shirin cincin da kek da biskit, wasu don baƙin Sallah, wasu don sayarwa. Sai dai tare da ƙamshin akan jiyo ƙauri, daga nan kuma sai ka ji maganar da na gaji da ji: "Ni dai ba ni da hannun biskit." Ni kam ban yarda ba. Biskit bai san hannun kowa ba. Wuta ya sani, da lokaci, da kaurin da aka yanka shi.

Wani zai ce, Malam, duk matsalolin da ke damunmu, sai biskit? To, a je kasuwa a tambayi kuɗin olonka ɗaya na fulawa, a haɗa da bota da sukari da gas ko gawayi. Ina da ɗalibai waɗanda kuɗin littafinsu daga cikin robar biskit ɗin iyayensu mata yake fitowa. Tire ɗaya ya ƙone, ribar ranar ta tafi. Biyu suka ƙone, an taɓa uwar kuɗi. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, amma tokar biskit babu mai saye.

Hujjar da aka fi kawo mini ita ce iyayenmu sun yi cincin da dubulan da alkaki shekara da shekaru ba sikeli, ba agogo. Gaskiya ne, amma waɗannan suya ce. Mai suya idonta na kan mai, tana ganin launi na sauyawa, ta tsame. Gashi kuwa a rufe yake, ido ba ya kaiwa, don haka dole awo ya tsaya a madadinsa.

Mu fara da wuta. Yawancin biskit yana gasuwa ne a zafin digiri 170 zuwa 180 a ma'aunin Salshiyos, wato kusan 350 a Farenhait, ko lamba 4 a obin ɗin gas mai lambobi. In obin ɗinki mai fanka ne, rage digiri 20. Dalili kuwa, jan da biskit ke yi yana farawa tun wajen digiri 140, lokacin da sukari da furotin ke haɗuwa, abin da wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. Shi kansa sukari yana fara zama ruwan kasa a wajen digiri 160. Tsakanin ja mai daɗi da baƙi mai ɗaci, a siririn abu kamar biskit, minti biyu ne ko uku. Mai ƙara wuta don ta gama da wuri, ƙasa zai ƙone ciki bai nuna ba.

Sannan kada ki amince wa lambar da ke jikin obin ɗari bisa ɗari, musamman waɗanda aka sayo na hannu ko waɗanda maƙera suka ƙera. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki ya fi tire ɗaya da ya ƙone araha. In babu, gwada da biskit biyu tukuna kafin ki zuba duka. Ki kunna obin minti 10 zuwa 15 kafin ki sa komai, ki ɗora tire a tsakiya, ba ƙasa kusa da harshen wuta ba. Baƙin tire da siririn tire sun fi saurin ƙona gindi. In su gare ki, haɗa biyu, ɗaya cikin ɗaya. Kowane obin yana da ɓangaren da ya fi zafi, don haka in an kai rabin lokaci, juya tiren, na baya ya dawo gaba.

Wadda ba ta da obin fa? Ba ta rasa komai ba. Babbar tukunya da yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasa, kamar kaurin yatsu biyu, da 'yar waya ko gwangwanaye da za su ɗaga tiren kada ya taɓa yashin, sun wadatar. Inda ake samun matsala shi ne a cika kurfoti da gawayi har baki, zafi duka ya taru a gindi. A bar garwashi ya kwanta, a rage na ƙasa, a kwashi kaɗan a ɗora bisa murfi, sai zafi ya zo ta sama da ƙasa. Kuma a daina buɗe murfi kowane minti. Kowace buɗewa zafin sama ke gudu, na ƙasa kuwa yana nan yana ci.

Sai ƙullun kansa. Awo mafi sauƙin riƙewa shi ne uku, biyu, ɗaya: fulawa giram 300, bota giram 200, sukari giram 100. Yawan sukari na sa saurin ƙonewa, don haka ƙarin da ake yi wai don yara su so, shi ke jawo baƙin gefe. A murza shi kauri ɗaya, kamar rabin santimita, a yanka girma ɗaya, don ƙanana za su ƙone kafin manya su nuna. A zafin ƙasarmu bota na narkewa tun a hannu, saboda haka ki sa ƙullun a firji minti 30, kuma kada ki jera sabo a kan tire mai zafi.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi kayar da mutane: lokacin fitarwa. Minti 10 zuwa 12 ya ishi yawancin biskit, amma ki leƙa tun a na takwas. Da gefe ya yi ja kaɗan, fito da shi ko da tsakiyar na da taushi, don yana ƙarasa gasuwa a kan tire, yana ƙara ƙarfi in ya huce. Wadda ta jira sai ya yi ƙarau a cikin obin, ta riga ta makara. Waya tana hannun kowa. A sa mata ƙararrawa, a bar hira.

In kuma an yi duk wannan wani ya ƙone, don Allah kada a kankare shi da wuƙa a tura ƙasan roba, masu kyau a sama. Algus ne, kuma mai saye sau ɗaya ake yi masa haka.

Kirana ga 'yan uwana malamai shi ne mu shigo da wannan cikin aji. Giram da digiri da minti da kason uku-biyu-ɗaya, ai lissafi ne da kimiyya, kuma yaro ya fi riƙe darasin da ya ci da bakinsa. Maza ma a koya musu, ba 'yan mata kaɗai ba. Iyaye mata kuma, a samu ɗan littafi a rubuta: wuta kaza, minti kaza, ga yadda ya fito. Bayan gashi uku, za ki san obin ɗinki fiye da wanda ya ƙera shi.

Allah ya sa albarka a sana'a, ya kai mu Sallah lafiya.