Ministocin Holan da gas ɗin Groningen: ba sai an saci kuɗi ake cutar jama'a ba

Duk ɗalibin da ya karanta tattalin arziki a jami'o'inmu ya ci karo da abin da ake kira "cutar Holan". Da ita malamai ke bayyana yadda dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, audugar Funtuwa da Gusau ta ja da baya, bayan kuɗin man fetur sun fara kwarara. Mujallar The Economist ce ta raɗa wannan suna a 1977, tana nufin halin da masana'antun ƙasar Holan suka shiga bayan an gano iskar gas: kuɗin ƙasar, gilda, ya yi ƙarfi, albashi ya hau, kayan da suke ƙerawa suka yi tsada a kasuwannin waje. Mun haddace sunan cutar, amma kaɗan daga cikinmu suka bi diddigin mutanen da suka riƙe ragamar wannan dukiya. Su nake so mu duba a filinmu na wannan mako, domin tarihinsu ya girgiza wani tunani da na daɗe ina riƙe da shi, wato cewa da za a daina sata, da arzikin ƙasa ya amfani kowa.

A wancan zamani, a Holan an raba aiki gida biyu. Ministan Kuɗi ne ke riƙe da baitulmali da haraji, Ministan Harkokin Tattalin Arziki kuma ke kula da masana'antu da makamashi da ma'adinai. Kujerar nan ta biyu ba ƙaramar kujera ba ce. Jelle Zijlstra ya zauna a kanta a shekarun 1950, daga baya ya zama firaminista, sannan gwamnan babban banki. Joop den Uyl da Ruud Lubbers su ma ta nan suka bi kafin su shugabanci gwamnati. Saboda haka ba a kan jahilai ko ragwaye muke magana ba.

A 1959 kamfanin NAM, wanda Shell da Esso suka haɗa hannu suka kafa, ya haƙo gas a wata gona kusa da garin Slochteren a lardin Groningen, can arewacin ƙasar. Sannu a hankali aka gane cewa wannan shi ne fili mafi girma na gas a Turai. Ministan da abin ya faɗo a hannunsa shi ne Jan de Pous, kuma takardar manufa da ya gabatar wa majalisa a 1962 ita ce ta shata hanyar da aka bi sama da shekara hamsin. Aka yi tarayya tsakanin gwamnati da kamfanonin biyu: a wajen haƙa, NAM na da kashi 60, ɓangaren gwamnati na da 40, a wajen sayarwa aka kafa kamfanin Gasunie a 1963, rabi na gwamnati, rabi na Shell da Esso. Aka kuma ɗaure farashin gas da na mai, ba da abin da aka kashe wajen haƙo shi ba, abin da ya sa ribar ta zama mai tsoka ƙwarai.

Akwai wani lissafi a bayan wannan tsari da ya kamata mai karatu ya riƙe. Masana na wancan zamani sun yi imanin cewa makamashin nukiliya zai mamaye duniya ba da jimawa ba, gas kuma ya rasa daraja. Don haka shawara ita ce a haƙa da sauri, a sayar da sauri. Cikin 'yan shekaru aka shimfiɗa bututu zuwa kusan kowane gida a ƙasar, aka ƙulla yarjejeniyoyi masu dogon zango da Jamus da Beljiyam da Faransa da Italiya. Hasashen bai tabbata ba, amma alƙawuran sun riga sun ɗaure gwamnati, kuma duk ministan da ya zo daga baya ya tarar da hannunsa a cikin wannan mari.

Na farko da suka ji a jikinsu ba mutanen Groningen ba ne, mahaƙan kwal ne na lardin Limburg a kudu. Gas mai yawa ya sa kwal ya zama asara. A ranar 17 ga Disamba 1965, Den Uyl, wanda ɗan jam'iyyar ma'aikata ne, ya tafi garin Heerlen da kansa ya sanar da cewa za a rufe mahaƙun. Ya yi alƙawarin ba za a rufe ko ɗaya ba sai an tanadi wani aiki ga ma'aikatanta. An kafa masana'antar motoci ta DAF a Born, an mayar da wasu ofisoshin gwamnati Heerlen, mahaƙa ta ƙarshe kuma ta rufe a ƙarshen 1974. Alƙawarin bai cika yadda aka faɗa ba, yankin ya daɗe yana fama da rashin aiki. Duk da haka ina jinjina wa ministan a kan abu guda: ya je ya tsaya gaban waɗanda hukuncinsa zai shafa, ya faɗa musu da bakinsa. Shekaru da yawa mutanen arewa ba su samu ko wannan ba.

Lubbers ya karɓi ma'aikatar a 1973 yana ɗan shekara 34, 'yan watanni kafin ƙasashen Larabawa su hana Holan mai saboda goyon bayanta ga Isra'ila. Har aka kai ga hana tuƙa mota ranar Lahadi. Shi ne ya fito da manufar a riƙa neman ƙananan filayen gas, a bar na Groningen a matsayin rumbu. Shawara ce mai kyau. Sai dai da yake farashin gas na bin na mai, tashin mai ya cika baitulmali, kuɗin kuma suka tafi kai tsaye cikin kasafin kowace shekara: fansho, tallafin marasa aiki, tallafin masu naƙasa, biyan kuɗin ruwa na bashi. Ba a sace su ba, an ci su ne a bainar jama'a da amincewar majalisa. Da masana'antu suka durƙushe, rashin aiki ya yi ƙamari a farkon shekarun 1980, Lubbers ɗin ne, a matsayin firaminista, ya zo yana tsuke bakin aljihu, yayin da ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni suka ƙulla yarjejeniyar Wassenaar a 1982, ma'aikata suka yarda da takaita ƙarin albashi a madadin rage awannin aiki. Norwe, wadda ta samu nata arzikin daga baya, ta kafa asusun ajiya a 1990. Holan ta kafa wani asusu a tsakiyar shekarun 1990 don manyan ayyuka irin su layin dogo, amma na kashewa ne ba na ajiya ba, daga baya ma aka rushe shi.

Har zuwa nan labari ne na littafin makaranta. Abin da ba a cika koya mana ba shi ne abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon wannan lokaci. Gas ɗin yana cikin wani dutse mai ƙofofi, kimanin kilomita uku ƙasa. Idan aka zuƙe shi, dutsen yana matsewa, inda yake da tsagewa kuma sai ya zame. Girgizar ba ta da girma a ma'auni, amma tana kusa da sama, ƙasar yankin kuma laka ce mai taushi, gidajen na bulo ne da ba a gina su don jure girgiza ba. A 1986 aka ji girgiza kusa da Assen. Wani malamin ilimin ƙasa, Meent van der Sluis, ya ce haƙar gas ce ta jawo, kamfanin ya yi watsi da maganarsa. Sai a 1993 aka amince a hukumance cewa akwai alaƙa, amma aka ce ɓarnar ba za ta taka kara ta karya ba.

A ranar 16 ga Agusta 2012 girgiza mai ƙarfin maki 3.6 ta auku a ƙauyen Huizinge, mafi ƙarfi da aka taɓa gani a filin. A watan Janairun 2013 hukumar sa ido kan ma'adinai ta shawarci ministan lokacin, Henk Kamp, da ya rage haƙa gwargwadon iko, cikin gaggawa. Ministan ya zaɓi a fara yin bincike. A wannan shekarar da aka ce a rage, abin da aka haƙa ya ƙaru zuwa kusan kyubik mita biliyan 54. Turai na cikin matsin tattalin arziki, kasafin kuɗi na da giɓi, miliyoyin gidaje a ciki da wajen ƙasar na dumama ɗaki da wannan gas. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya, ba na ƙarya ba. Amma a lura da yadda aka tsara gidan a lokacin: ma'aikatar da ke yanke yawan gas da za a haƙa ita ce abokiyar tarayyar kamfanonin, kuma hukumar da ke sa ido kan lafiyar jama'a a ƙarƙashinta take. Wanda bangonsa ya tsage kuwa, wurin kamfanin da ya tsaga shi zai kai kuka, kamfanin ya turo masu ƙiyasi, su ce ko ginin ne ya tsufa. Bahaushe ya ce ba a ba kura ajiyar nama. A nan kuwa kurar ba ɓarauniya ba ce, yunwarta ce kawai ta halatta a doka.

A 2015 hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa har zuwa 2013 lafiyar mazauna yankin ba ta taka wata rawa ba a shawarwarin da aka yanke. A wannan shekarar kotun ƙoli ta harkokin mulki ta tilasta wa minista ƙara rage haƙa. Sai bayan wata girgiza a Zeerijp a Janairun 2018 magajin Kamp, Eric Wiebes, ya sanar da cewa za a rufe filin gaba ɗaya. Yanke shawarar rufewa ta zo da sauƙi idan aka kwatanta da biyan diyya. A Janairun 2022 duniya ta ga hotunan tsofaffi a layi cikin sanyin hunturu, suna jiran tallafin yuro 10,000 na gyaran gida, kuɗin da aka ware kuma ba su isa kowa ba. Wanda ya taɓa tsayawa layin fansho a ƙasar nan zai gane fuskokin.

Kwamitin bincike na majalisa, wanda ya yi wa tsofaffin ministoci da shugabannin kamfanoni da Firaminista Mark Rutte tambayoyi bisa rantsuwa, ya miƙa rahotonsa a Fabrairun 2023. Ya lissafa cewa gwamnati ta samu yuro biliyan 363 daga filin, Shell da Exxon kuma biliyan 66, ya ce an daɗe ana fifita kuɗi a kan mutanen Groningen, ƙasar kuma na ɗauke da bashin mutunci a kansu. Ba a samu ministan da ya gina gidan alfarma da kuɗin ba. Kowanne ya warware matsalar zamaninsa, De Pous ta saurin sayarwa, Lubbers ta ƙarancin mai, Kamp ta giɓin kasafi, kowanne kuma ya bar wa na bayansa sauran lissafin, lardin da ke nesa da birnin Hague yana biya.

Ban kawo wannan don in wanke ɓarayinmu ba; su nasu laifin daban ne, kuma Neja Delta, inda wannan Shell ɗin dai ta fara samun mai a Oloibiri a 1956, ta ga abin da ya ninka na Groningen. Amma tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2022, yawancin muhawarar da nake ji a kan kaso ce: nawa jiha za ta samu, wace ƙaramar hukuma ce mai rijiyar. Ban cika jin ana tambayar wanda zai iya dakatar da aikin idan ruwan sha ya gurɓace ba, ko wanda manomi zai kai wa ƙara wanda ba ya cin moriyar rijiyar. Mutanen Groningen na da kotuna masu zaman kansu da jaridu masu haƙori, amma daga girgizar farko zuwa rufe famfo sai da aka shafe shekara 37.

An tsayar da haƙa a ranar 1 ga Oktoba 2023, a Afrilun 2024 kuma aka sa hannu a dokar rufe filin har abada, duk da cewa akwai sauran gas mai yawa a ƙasa kuma Turai na nemansa ido rufe tun bayan yaƙin Yukren. Gwamnati ta yi alƙawarin yuro biliyan 22 ga yankin. Ana toshe rijiyoyin da siminti, ƙasar ba ta daina motsi ba tukuna, dubban iyalai kuma suna jiran a zo a ƙarfafa musu bango.