Sharhi: Ko tsohuwar hanyar fatake ta Kano zuwa Damagaram za ta farfaɗo?

Tsakanin Kano da Zinder tafiyar kimanin kilomita 240 ce. Yau mota na cinye ta cikin 'yan sa'o'i, amma a ƙarni na 19 fatake kan yi kwanaki a ƙasa da jakuna da raƙuma, ɗauke da turkuɗi da fatu, kafin su sauka unguwar Zango. Daga nan ayari ke wucewa Damargu da Agadas har Tarabulus.

Da arzikin wannan hanya Sarki Tanimun ya ƙarfafa ganuwar Birni. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya kasuwancin Sahara, sannan a 1926 Faransawa suka mayar da babban birni Yamai.

A Sifaniya, tsohuwar hanyar Santiago ta ja matafiya sama da 400,000 a 2023, ƙauyukan kan hanya kuma suna cin moriya. Damagaram ma na da abin nunawa, sai dai tun 2006 Birni da fadar Sarki ke jerin jiran UNESCO, yayin da Agadas ta samu shiga a 2013.

Matsalolin a fili suke: damina na cin gine-ginen ƙasa, ga siyasar iyaka, wadda aka rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024.

Matakin farko bai buƙatar kuɗi masu yawa. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ta Bayero za su iya bin hanyar a ƙasa, su rubuta sunayen zango-zango da rijiyoyi daga bakin dattawa, tun masu sanin suna raye.