Guguwar Teku: A Tanadi Ruwa Kafin Ruwa Ya Zo

A ranar 20 ga watan Satumba na shekarar 2017, wata mahaukaciyar guguwa da aka laƙaba wa suna Mariya ta afka wa tsibirin Porto Riko da ke yankin Karebiyan. Cikin kwana guda ta yi ɓarnarta ta wuce, hukuma kuma ta ƙidaya mamata 64. Sai a watan Agusta na 2018, bayan wani bincike da Jami'ar George Washington ta gudanar, gwamnatin tsibirin ta amince cewa adadin ya kai 2,975. Mafi yawan waɗannan bayin Allah ba iska ce ta ɗauke su ba, ba kuma gini ne ya rufta musu ba. Sun rasu ne a watannin da suka biyo baya, lokacin da babu wutar lantarki, hanyoyi sun yanke, asibitoci sun durƙushe, famfo kuma ya ƙafe. A makon farko kusan rabin mutanen tsibirin ba su da ruwan sha, har ta kai wasu suna ɗiba daga rafuffuka da rijiyoyin da aka daɗe da hana amfani da su.

Wannan shi ya sa duk wanda ya ce shirin tarbar guguwa shi ne buga katako a taga da sayen batirin tocila, to ya faɗi rabin magana. Babu wani tanadi da magidanci zai yi wanda ya kai na ruwan sha muhimmanci, babu kuma wanda ya kai shi araha, amma shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin guguwar da ake magana a kanta, domin ta sha bamban da 'yar guguwar bazara mai yawo da karare a bakin kasuwa. Wannan a kan teku ake haihuwarta, inda ɗumin ruwa ya kai wajen digiri 26 ko 27 a ma'aunin santigireti. Ruwan mai ɗumi yakan yi tururi ya tashi sama, tururin ya koma gajimare ya saki zafin da ya ɗauko, zafin kuma ya ƙara ingiza iska sama, ta haka sabuwar iska take kwararowa daga ko'ina don cike gurbi. Juyawar duniya ita ke sa iskar ta riƙa kewaye. Idan gudunta ya kai kilomita 119 a sa'a guda, a Tekun Atalantika sai a kira ta hariken, a yammacin Tekun Fasifik taifun, a Tekun Indiya kuwa saiklon. Lokacinta a Atalantika yana farawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Abin da zai ba ɗalibi sha'awa shi ne, mafi yawan manyan guguwowin da ke addabar Karebiyan da Amurka daga sararin samaniyar Afirka suke samo asali. Da damina, kowane kwana uku zuwa biyar wata igiyar iska takan taso daga gabas ta ratsa yankin Sahel tana tafe da hadari, har ta faɗa teku ta gefen Senegal. Ke nan hadarin da ya shayar da gero a Zinder ko Katsina yana iya zama tsatson abin da zai yaye rufi a Filorida bayan mako biyu.

To, yaya garin da ruwa ya shanye zai rasa ruwan sha? Amsar tana cikin yadda ruwan famfo ke isa gida. Injinan da ke tace ruwa da masu tura shi da lantarki suke aiki, kuma turakun wuta su ne farkon abin da iska ke kayarwa. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi a cikin bututu, ko da akwai tsaga, waje yake tsartuwa. Da zarar ƙarfin ya faɗi sai al'amari ya juye, ƙazamin ruwan da ke kewaye da bututun ya riƙa tsotsuwa ciki, wato dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan ambaliya kuwa ya riga ya bi ta masai da kwatami da garken dabbobi da gidajen mai da rumbunan maganin ƙwari. A bakin teku akwai ƙarin wata masifa, domin guguwa takan turo ruwan teku kan tudu. Lokacin Katrina, a watan Agusta na 2005, tudun ruwan da ta turo ya haura mita 8 a wasu sassan gaɓar jihar Misisifi, a birnin New Orleans kuma katangun tare ruwa suka ɓalle, kimanin kashi 80 cikin ɗari na birnin ya nutse. Rijiyar da ruwan teku ya shiga ta tashi daga aiki, saboda kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, ƙodar ɗan Adam kuwa ba ta iya yin fitsari mai kaurin gishiri haka. Wanda ya sha, sai jikinsa ya fitar da ruwan da ya fi wanda ya sha kafin ya rabu da gishirin.

Jikin baligi wajen kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, kuma kullum yana zubar da shi ta fitsari da gumi da numfashi. Mutum yana iya yin makonni ba abinci, amma da wuya ya wuce 'yan kwanaki ba ruwa. Don haka mai jin ƙishirwa ba ya jiran sanarwar hukuma, abin da ya samu shi zai sha, ya kuma ba 'ya'yansa. A nan ne ƙwayoyin cuta ke samun ƙofa. Ƙwayar bakteriya mai suna Vibrio cholerae, wadda ke haddasa kwalara, tana sakin wani dafi da ke sa bangon hanji ya riƙa kwararar da ruwa da gishiri, har mutum ya yi gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, ya bushe cikin sa'o'i kaɗan. Guguwar Idai ta faɗa wa birnin Beira na Mozambik a tsakiyar watan Maris na 2019, kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ɓarkewar kwalara, dubban mutane suka kamu. A Haiti ma cutar ta ƙara ƙamari bayan guguwar Matiyu ta Oktoban 2016. A Porto Riko kuwa an samu masu cutar leptospirosis, wadda ƙwayarta ke fita ta fitsarin ɓera da wasu dabbobi ta shiga ruwa.

Ruwa nawa za a ajiye? Hukumomin agajin gaggawa da na lafiya a Amurka suna ba da shawarar galan guda, wato kusan lita 4, ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana uku, in da hali kuma na mako biyu. Jama'a sun riƙe kwana ukun, sun manta da "aƙalla". Wannan kuskure ne babba, kuma abin da ya faru a birnin Asheville na jihar Karolina ta Arewa ya isa hujja. Birnin yana cikin duwatsu, nesa da teku da ɗaruruwan kilomitoci, mazaunansa ba su ɗauki kansu cikin masu fargabar guguwar teku ba. Amma a ƙarshen Satumban 2024 ruwan saman da guguwar Helin ta kawo ya kwashe manyan bututan birnin, ya dagula madatsar da ake ɗibar ruwa, sai bayan fiye da kwana 50 aka ce ruwan famfo ya sake shawuwa. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da jiragen agaji da tankokin ruwa barkatai, mai tanadin kwana uku a wata ƙasar ya san matsayinsa. Mako biyu shi ne ya kamata a mayar ma'auni, kwana uku kuma a ɗauke shi na wanda ya rasa yadda zai yi.

Lissafin ba shi da wuya, malami ma yana iya ba da shi a aji. Iyali mai mutum biyar yana buƙatar lita 20 a rana, lita 60 a kwana uku, lita 280 a mako biyu, wato ganga guda mai cin lita 200 da jarka huɗu masu cin lita 20. Sai dai a lura cewa lita 4 ɗin nan ta sha ce da ɗan girki da wanke hannu. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi a sansanonin 'yan gudun hijira lita 15 ne ga mutum guda a rana. Mai ciki da mai shayarwa da majinyaci suna buƙatar ƙari, haka ma idan ana zafi. Shi ya sa a ƙasashen guguwa ake cika kwamin wanka da bokitai tun kafin iska ta iso, a ware wannan don wanki da kora bayan gida, kada a taɓa na sha.

Mazubi shi ne inda aka fi yin tuntuɓe. Sau da yawa ruwa yakan fito daga famfo ko rijiyar burtsatse da tsabtarsa, amma ya gurɓace a cikin gida, saboda an zuba shi a abu mai faɗin baki, kowa ya zo sai ya tsoma moɗa da hannu. Hannu guda mara tsabta ya isa ya lalata ganga sukutum. Mazubi mai ƙaramin baki da murfi mai ɗauruwa, wanda ake tsiyayowa daga cikinsa, shi ne abin nema, ganga kuwa a sa mata kan famfo. Kada a kuskura a yi amfani da jarkar da ta taɓa cin fetur ko kananzir ko maganin ƙwari, domin roba tana shan waɗannan abubuwa, wanki ba ya fitar da su. Jarkar madara ko ta lemo ma ba a so, saboda ragowar sukari da maiƙo abinci ne ga bakteriya. A wanke mazubi da sabulu, a zuba ƙaramin cokali guda na ruwan bilic a lita guda ta ruwa, a girgiza ya taɓa ko'ina, a bari na rabin minti, a zubar. Bayan an cika a rubuta kwanan wata a jiki, a ajiye a inuwa, a kan wani abu mai tudu inda ambaliya ba za ta kai ba, a kuma sauya ruwan duk wata shida. Lita guda nauyinta kilo guda ne, saboda haka wajibi ne wani kaso ya kasance a ƙananan jarkoki da za a iya ɗauka idan an ce a bar gida. Kuma idan hukuma ta ce a tashi, tashi za a yi, ganga ba ta hana gida nutsewa.

Idan tanadi ya ƙare, tafasawa ita ce hanya mafi inganci: a bari ruwa ya yi ta ɓararraka na minti guda cur. In babu makamashi, a ɗiga ɗigo biyu na bilic mara ƙamshi a kowace lita, idan ƙarfinsa kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari ne, a jira minti 30. A duba jikin kwalba, domin akwai bilic mai rauni da ke buƙatar ƙari. Ruwa mai dauɗa sai an bar shi ya kwanta an tace da tsumma mai tsabta tukuna, sa'an nan a ninka ɗigon. Alam da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, amma ba su isa su kawar da ƙwayoyin cuta duka ba, ruwa garau yana iya zama cike da su. Shi ma bilic akwai ƙwayar da ba ya iya wa, irin su Cryptosporidium, wadda sai wuta. Ruwan da fetur ko guba ko gishirin teku ya shiga kuwa, tafasawa ba ta gyara shi, sai ma ta ƙara wa gishirin kauri. A gefen jarkokin ya dace a ajiye sukari da gishiri: ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta suna riƙe ran mai gudawa kafin a kai shi asibiti.

Wani zai ce wannan duk ɗora wa talaka nauyin gwamnati ne, kuma mai ɗaki guda ina zai ajiye ganga? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Haƙƙin hukuma ne ta tanadi janareta a tashoshin ruwa, ta ajiye magungunan tsabtace ruwa a makarantu da sauran wuraren da ake tsugunar da jama'a. Amma motar agaji ba ta bin gadar da ta karye, kuma kwanakin farko kowane gida da abin da ke cikinsa yake rayuwa. Wanda ba shi da wurin ganga yana da ƙarƙashin gado. Abin da bai dace ba shi ne jiran sanarwa, domin duk lokacin da aka yi shelar guguwa a Amurka ruwan kwalba yana cikin abubuwan da suke fara ƙarewa a kantuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙasar Hausa tana nesa da hanyar guguwar teku, amma ba ta nesa da abin da ke biyo bayanta. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri cikin dare, ya haɗe masai da rijiyoyi, a watan Oktoba kuma gwamnatin Jihar Borno ta ba da sanarwar ɓarkewar kwalara. Madatsar ta taɓa yin haka a 1994. Mazaunin Filorida yakan sami gargaɗin kwana biyu ko uku daga masu hasashen yanayi, ya cika jarkokinsa a natse. Mutanen da ke zaune a gefen kogin Ngadda, da yawansu ruwa ne ya tashe su daga barci.