Darasin Korona: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Tun ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa annobar korona, kuma ga alama har mun fara mantawa. To amma akwai darasin da bai kamata ya wuce mu ba, wato yadda cinikin kayan asibiti ya tona asirin duniya.

Kafin annobar, kusan rabin takunkumin fuska na duniya a ƙasar Sin ake yin sa. Kusan kashi biyu cikin uku na safar hannu ta roba daga Malesiya take fitowa. Indiya, wadda ƙasashen Afirka ke sayen magani mai rahusa a wajenta, ita ma mafi yawan sinadaran da take haɗa maganin daga Sin take shigo da su. Dalili kuwa shi ne neman araha: kamfanoni sun tattara masana'antu a inda ƙwadago ke da sauƙi, asibitoci kuma suka rage ajiye kaya a sito, tunda jirgi zai kawo a kan kari. Ba wanda ya tambaya, ranar da jirgin bai zo ba fa?

Ranar kuwa ta zo. A 23 ga Janairu 2020 aka rufe birnin Wuhan, masana'antun Sin suka tsaya cik daidai lokacin da buƙata ke hauhawa. Sai kowa ya kama nasa. A farkon Maris 2020 Faransa ta ƙwace takunkuman da ke cikin ƙasarta, Jamus ta hana fitar da kayan kariya, Indiya ta taƙaita fitar da sinadarai da magunguna iri 26, har da farasitamol. A Afrilu gwamnatin Amurka ta nemi kamfanin 3M ya daina sayar wa Kanada takunkumi, alhali maƙwabciyarta ce. Idan haka manya suka yi wa junansu, ina ga raunana? So so ne, amma son kai ya fi.

Da allurar rigakafi ta fito, abin ya ƙara muni. Ƙasashe masu kuɗi sun riga sun saye ta tun kafin a gama gwaji, Kanada ma ta yi odar abin da ya ninka yawan jama'arta. Talakawan ƙasashe aka ce su jira shirin COVAX, shi kuma shirin ya dogara ƙwarai da masana'anta guda, wato Serum Institute da ke Pune a Indiya. Gana ta karɓi allura 600,000 a 24 ga Fabrairu 2021, Nijeriya ta karɓi kusan miliyan 4 a 2 ga Maris. Ba a jima ba cutar ta ɓarke a Indiya, gwamnatinta ta tsayar da fitar da allura na tsawon watanni. Daga baya aka riƙa turo mana kyautar wadda ta kusa lalacewa, har a Disamba 2021 Nijeriya ta zubar da sama da miliyan 1 a Abuja.

Wani zai ce ai zaluncin Turawa ne kawai. Akwai zalunci, babu ja. A Oktoba 2020 Indiya da Afirka ta Kudu suka nemi Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta jingine haƙƙin mallakar fasahar kayan korona, aka yi ta jan ƙafa har Yuni 2022, sannan aka amince da ɗan guntun abin da suka nema. Amma mu tambayi kanmu: wa ya rufe ɗakin haɗa allura na Yaba a Legas a 1991, wanda a da yake yin rigakafin agana da shawara? Ta yaya annoba ta riski nahiyar da ke shigo da kusan kashi 99 cikin 100 na allurar da take amfani da ita?

Gina masana'anta kaɗai ma ba ya wadatarwa. Kamfanin Aspen na Afirka ta Kudu ya shirya sayar da allurar korona da sunansa, amma a 2022 ya rasa mai saye. Ashe sai gwamnatocinmu sun yarda su sayi na gida, ko da ya ɗara na waje tsada. Cibiyar Pasteur ta Dakar, wadda ta daɗe tana haɗa rigakafin shawara, shaida ce cewa za a iya.

Tarayyar Afirka ta ɗora wa kanta burin samar da kashi 60 cikin 100 na allurarta nan da 2040. Su wa za su yi aikin in ba ku ba? Ɗan'uwa, idan kana zaɓen abin da za ka karanta, ka dubi ilmin haɗa magunguna, ilmin sinadarai, da gyaran na'urorin asibiti. Idan mai neman ƙuri'a ya zo unguwarku, ka tambaye shi: asibitinmu yana da iskar oksijin? Kayan kariya na wata nawa ke cikin sito? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wassalam.