A Kula Da Tsuntsayen Fadamar Haɗejiya Da Nguru

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi kira ga 'yan'uwana manoma, masunta da ƙananan 'yan kasuwa na yankin Haɗejiya, Nguru da Gashuwa, game da wata dukiya da Allah Ya ba mu, amma muna wasa da ita.

Kowace shekara da damina ta ɗauke, dubban tsuntsaye kan taso daga ƙasashen Turai saboda tsananin sanyi, su ƙetare teku da hamadar Sahara, su sauka a fadamunmu, sai wajen watan Maris ko Afrilu su koma. A nan suke tarar da namu na gida, irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da gauraka. Dalili kuwa shi ne in ka bar wannan fadama ka nufi arewa wajen Yusufari, yawanci sai yashi da ƙaya, ruwa ya yi ƙaranci.

Wannan ne ya sa ake samun baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye, musamman a tafkin Dagona da ke ƙasar Bade da dajin Baturiya a Jihar Jigawa. Ba sa riƙe bindiga, sai madubin hangen nesa da ɗan littafi. Har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989, kuma a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin fadamun da duniya ta amince a kiyaye. Amma tun da matsalar tsaro ta kunno kai a arewa maso gabas a 2009, baƙin suka ja da baya.

Na san wani zai ce, to ina ruwan talaka da mai kallon tsuntsu? Jama'a, baƙon nan sai ya hau kwalekwale, sai ya ɗauki ɗan jagora, sai ya hau mashin, ya ci abinci, ya sayi tabarma ko bandar kifi ya kai tsaraba. Duk kuɗin nan aljihunmu za su shiga. Agwagwar da ka harbe kuwa miyar rana ɗaya ce, wadda ka bari da rai baɗi ma za ta kawo maka ciniki.

Gaskiya ne jan baki na yi wa manomi ɓarna a gonar gero, dawa da shinkafa, ba mai musun wannan. To amma kada laifin jan baki ya shafi balbela da shamuwa masu cinye mana fara, ko ungulu mai kwashe mushe. Mai zuba guba a bakin ruwa ya sani har kifi da dabbobin makiyaya yake kashewa, kuma mu ne masu shan ruwan.

Babbar matsala dai ita ce ruwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar da ke cika fadama ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan baki. Inda tsuntsu ya rasa ruwa, masunci da mai noman rani ma sun rasa.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta riƙa sakin ruwa a kan lokaci, a kuma ci gaba da yashe kacala. Gwamnatocin Jigawa da Yobe su gyara hanyoyin shiga, su tabbatar da tsaro, su riƙa kai 'yan makaranta yawon buɗe ido, domin ba sai Bature kaɗai ba. Hakimai, dagatai da masu unguwanni su hana sa guba da kafa raga. Mu kuma 'yan kasuwa, in baƙo ya zo kada mu tsuga masa kuɗi, don wanda aka cuta ba ya dawowa.

Allah Ya sa masu iko su ji, amin.

Naku, mai karatu a kullum,
daga Gashuwa, Jihar Yobe.