Sharhi: An ba yaro makullin ɗakin kwamfuta, to wa zai koya masa aikin?

Duk shekara idan Oktoba ta kama aka koma lakkol, akwai ɗakin da ake buɗewa da fargaba, wato ɗakin kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda aka fi faɗi a nan. Sai a yaye zanen da aka lulluɓe na'urorin da shi tun kafin hutu, a danna, wasu su tashi, wasu su yi gum. Da yawansu kyauta ce, daga ƙungiyoyi ko daga ƴan uwanmu mazauna waje, kuma ba tsufa ne ya kashe su ba. Rashin mai kula ne.

Shi ya sa wasu shugabannin CEG da lise suke ɗaukar matashi, wanda ya samu BEPC ko ya tsaya a bakin BAC, ya zauna a makarantar yana koyon gyara da kula da kayan. A ganinmu dabarar tana da kyau, don aikin ba ya ƙarewa. Ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke cikin na'ura, zafin Afrilu da Mayu ya zo ya ƙarasa ta. Kowane malami yana zuwa da ɗan kilensa daga gidan buga takardu, ya soka, cuta ta bi duk na'urorin. Ga kuma wuta. Ba mu manta ba, a watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba ta dawo da ita ba sai Maris na 2024. Ko yanzu, ɗaukewa da dawowar wuta da ƙarfi na iya ƙona na'ura nan take in babu abin daidaita ta. Inda ake aiki da hasken rana kuma, sai an samu mai goge faifan, mai lura da batir.

Amma fa a nan gizo ke saƙa. A garejin mota ko shagon tela, mun san yadda koyon sana'a yake: uba ya kai ɗansa hannun maigida, yaro ya fara da miƙa sufana, ya yi shekaru yana kallo yana taɓawa, ranar yaye a tara mutane a sa masa albarka. To a makaranta wane ne maigidan? Darakta yana da nasa aikin, malamin lissafi da ya ɗan iya kwamfuta yana da aji cike da yara. Idan ba a yi hattara ba, sai yaro ya ƙare a buga jerin sunayen ɗalibai, da cajin wayoyin malamai, da aiken sayo shayi. Shekara biyu ta wuce, bai taɓa buɗe cikin na'ura ba, ba takarda, ba sana'a.

Don haka uban da aka zo wa da wannan magana, kafin ya ce "Allah ya sa albarka", ya tambaya wa zai koyar da ɗansa, kuma kwana nawa a mako. Ko mai gyara ne na cikin gari, a yi yarjejeniya da shi a rubuce, da sa hannun kwamitin COGES. Ƙasarmu tana da cibiyoyin koyon sana'a na CFM, tana da asusun FAFPA da aka kafa don tallafa wa irin wannan horo, ga lise teknik ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Ya kamata a ƙulla koyon da ɗaya daga cikinsu, don a ƙarshe yaro ya fita da shaidar da wani wurin zai karɓa. Batun ɗan abin sabulu a wata ma a faɗe shi tun farko, ko jika nawa ne, kada a bar shi a "za mu gani".

Akwai kuma amana. Wanda ke riƙe da na'urar darakta yana ganin makin ɗalibai da tambayoyin jarrabawa kafin kowa, kuma a gari ɗaya yake da iyayen yaran. Wani zai zo da daddare ya ce "ɗana, ɗan taɓa mana makin ƙanenka". Wannan ma darasi ne da sai babba ya zaunar da shi ya koya masa. Af, kada kuma a ce aikin na maza ne kawai. Yarinyar da ta iya tana iya riƙe makullin.

Ku kuma ƴan uwa na Kano, Abijan, Aljeriya ko Faransa da ke shirin aiko da wani kwalin kwamfutoci, Allah ya saka da alheri. Sai dai ku bugo waya ku tambaya wa zai kula da su. In kuɗin na guda goma ne, ku sayi takwas, sauran a sa a abin daidaita wuta da ladan mai koyarwa na shekarar farko.