Barkiya Da Hotunan Da Ba A Ɗauka Ba

A 'yan shekarun nan, matasa a ƙasashe da dama sun koma ɗaukar hoto da kyamarar fim don sha'awa, har fim ɗin Ektachrome na kamfanin Kodak ya dawo kasuwa a 2018. Wasu za su ce wannan nishaɗin masu hali ne. Mu muna ganin abin ya shafe mu.

Duk wanda ya tashi a Barkiya, ko Kurfi, ko Dutsin-Ma, ya san ba a kiran mai hoto sai da dalili: sallah, biki ko suna. An ɗauki mutane cikin kwalliya, amma an bar masussuka, da ranar kasuwa, da masunta a madatsar ruwa ta Zobe. Fim guda hoto 36 ne kacal. Wa zai ɓarnatar da ɗaya a kan jaki da mangala? Ga shi hare-haren 'yan bindiga sun tarwatsa ƙauyuka a yankin, kuma irin waɗannan hotunan ne ake nema a rasa.

Hoton waya yakan tafi tare da wayar ranar da aka sace ta. Nagatif kuwa, idan an nisanta shi daga zafi da danshi, yakan kai wa jikoki. Gaskiya ne fim ya yi tsada, wuraren wanki kuma sun yi ƙaranci, amma ma'aikacin da ke zuwa gida hutun ƙarshen mako zai iya ɗaukar nauyin fim ɗaya.

Muna kuma kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ta bi tsofaffin shagunan hoto, ta tattara nagatif ɗin da suka rage kafin wata damina ta lalata su.